Dokar Homestead ta 1862: Yadda Amurka Ta Raba Gonaki a Yammacinta

A ranar 20 ga Mayun 1862, ana tsaka da yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da Dokar Homestead, wadda ta buɗe wa talaka hanyar mallakar eka 160, wato kimanin hekta 65, daga filayen gwamnatin tarayya ba tare da ya saya ba. An daɗe ana neman irin wannan doka, amma wakilan jihohin Kudu masu riƙe da bayi suna daƙile ta, domin sun san idan ƙananan manoma suka cika yamma, sababbin jihohin da za a kafa ba za su goyi bayan bauta ba. Ko da majalisa ta amince da wani ƙudiri makamancinsa a 1860, Shugaba James Buchanan ƙin sa hannu ya yi. Sai da Kudu ta ɓalle, wakilanta suka bar majalisa, sannan dokar ta samu wucewa.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. Dole mai nema ya kai shekara 21 ko ya kasance yana riƙe da iyali, ya zama ɗan ƙasa ko kuma baƙon da ya rubuta niyyarsa ta zama ɗan ƙasa, sannan bai taɓa ɗaukar makami ya yaƙi gwamnatin Amurka ba. Dokar ba ta ware maza kaɗai ba, saboda haka zawarawa da matan da ba su yi aure ba sun karɓi filaye da sunansu. Baƙaƙen fata ma sun shiga bayan an tabbatar musu da zama 'yan ƙasa, kuma garin Nicodemus na jihar Kansas, wanda aka kafa a 1877, yana cikin shaidun hakan.

Mutum zai je ofishin filaye ya zaɓi fegin da aka riga aka auna, ya biya dala 12, ya koma ya gina wurin kwana, ya share, ya yi noma, ya zauna shekara biyar. Bayan cikar wa'adin sai ya kawo shaidu biyu da za su rantse cewa ya cika sharaɗin, ya ƙara dala 6, a ba shi takardar mallaka. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1863, kuma filin Daniel Freeman da ke kusa da Beatrice a Nebraska, wanda ake lissafawa cikin na farko, shi ne aka mayar wurin tarihi.

Akwai kuma gajeriyar hanya: wanda ya zauna wata shida zai iya biyan dala ɗaya da kwata a kan kowace eka ya karɓi takardarsa nan take. Ta wannan ƙofa ce dillalan filaye da kamfanonin katako da masu manyan garkunan shanu suka riƙa tura mutane su yi rajista da sunansu, daga baya su miƙa musu filin.

Babbar matsalar dokar, a ganina, ita ce an yi mata awo da ƙasar gabas mai wadatar ruwa. Eka 160 ta ishi iyali a Iowa, amma a yammacin Nebraska da Dakota, inda damina ba ta da tabbas, sau da yawa ba ta ciyar da gida. Babu itacen gini a wannan sarari, sai manomi ya yanko ƙasa haɗe da saiwar ciyawa ya jera kamar tubali, ya rufe samansa da ita, ruwa yana yoyo idan an yi mamako. Ga fari, ga tsananin sanyi, ga farar ɗango da ta cinye amfanin gona a 1874, ga kuɗin garma da dabbobin huɗa da iri waɗanda dokar ba ta ce komai a kansu ba. Mutane da yawa sun watsar da filayen kafin shekara biyar. Masanin binciken ƙasa John Wesley Powell ya gargaɗi majalisa a 1878 cewa gonar kiwo a busasshen yanki tana buƙatar eka 2,560, amma abin da aka yi a 1909 shi ne ɗaga rabon zuwa eka 320 a wasu wurare, a 1916 kuma zuwa 640 domin masu kiwo.

Abin da bai kamata a tsallake ba shi ne asalin filayen. Ƙasar da doka ta kira ta gwamnati mazauni ce ta al'ummomin 'yan asalin nahiyar, irin su Lakota da Cheyenne da Pawnee, an kuma karɓe ta ne ta hanyar yaƙi da yarjejeniyoyin da ake ƙullawa bisa matsi sannan a karya. Da yawansu ba a ɗauke su 'yan ƙasa ba sai a 1924, don haka dokar da ta yi maraba da baƙo daga Jamus ko Norway ba ta yi tanadi ga masu wurin ba. Dokar Dawes ta 1887 ta ƙara tsananta lamarin, domin ta yanka filayen da ƙabilu ke riƙe da su a dunƙule ta raba wa ɗaiɗaikun iyalai, abin da ya saura aka kira shi rara aka buɗe wa masu zuwa. Daga eka miliyan 138 da ke hannunsu a 1887, abin da ya rage a 1934 bai wuce miliyan 48 ba.

A ƙarƙashin Dokar Homestead da gyare-gyarenta an ba da kimanin eka miliyan 270, kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin Amurka, ga masu nema wajen miliyan 1.6. Majalisa ta soke ta a 1976, aka bar jihar Alaska ta ci gaba da aiki da ita har zuwa 1986.