Nasarar Ruhaniya a Koyarwar Kirista

Nasarar ruhaniya, ko zaman nasara kamar yadda masu wa'azi suka fi faɗa, koyarwa ce ta addinin Kirista da ke cewa mai bi yana iya rayuwa ba tare da zunubi ko tsoro ko fid da zuciya sun mallake shi ba, domin Yesu Almasihu ya riga ya karya ikon waɗannan abubuwa ta wurin mutuwarsa a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Kusan dukan ɗarikun Kirista sun yarda da wannan tushe. Inda suka rarrabu shi ne a kan yawan rabon da mutum yake samu daga nasarar tun yana duniya, da hanyar da yake samun sa, kuma gardamar da ta taso daga nan ta fi shekara 1,500 ana yin ta.

Kalmar da asalinta

Hausa ta aro kalmar nasara daga Larabci, inda tushenta yake nufin taimako da rinjaye a haɗe, wato rinjayen da ake samu saboda wani ya kawo ɗauki. Wannan ma'ana ta dace da koyarwar ƙwarai, don Kirista ba ya cewa shi ne ya ci yaƙin da ƙarfinsa. Kada a rikita ta da Nasara ko Anasara, sunan da ake kiran Turawa da Kiristoci da shi a ƙasar Hausa. A rubuce suna kama, amma a baki kowane Bahaushe yana jin bambancinsu, domin ta biyun ana jan wasalin tsakiyarta. A Girkancin Sabon Alkawari kalmar ita ce nike, kuma fiye da rabin wuraren da aikatau ɗinta ya fito suna cikin Ru'ya ta Yohanna, littafin da aka rubuta wa ikilisiyoyin da ke cikin matsi a yankin da yau yake yammacin Turkiyya. Kowane ɗaya daga saƙonni bakwai na sura ta 2 da ta 3 yana ɗauke da alkawari ga wanda ya ci nasara, kuma waɗanda aka yi wa alkawarin ba su da sarauta ko runduna, wasunsu ma kurkuku ke jiran su.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Nassoshin da aka fi kafa hujja da su sanannu ne ga duk mai zuwa sujada. A Yohanna 16:33 Yesu ya gaya wa almajiransa cewa za su sha wahala a duniya, amma su yi ƙarfin hali domin ya rinjayi duniya. A 1 Yohanna 5:4 an kira bangaskiya ita kanta nasarar da ta rinjayi duniya. A Romawa 8 Manzo Bulus ya jera ƙunci da tsanani da yunwa da tsiraici da takobi, sannan ya ce a cikin waɗannan duka masu bi sun fi gaban a kira su masu nasara kawai. Masu tafsiri suna jan hankali a kan kalmar “a cikin”, domin Bulus bai ce za a ɗauke wahalhalun ba.

Malaman Kirista tun dā sun kasa abokan gāban mai bi gida uku: duniya, da jiki, da Shaiɗan. Duniya a nan ba ƙasa da sama ba ce, tsarin rayuwa ne da ba ya lissafi da Allah. Jiki kuwa ba nama da ƙashi ake nufi ba, halin mutum ne na son kai, abin da Bahaushe zai kira son zuciya, shi ya sa Galatiyawa 5 ta lissafa kishi da fushi da tsattsaguwa cikin ayyukan jiki tare da fasikanci da buguwa. Game da na ukun, Afisawa 6 ta zana mai bi a matsayin mayaƙi sanye da ɗamarar gaskiya, da sulken adalci, da garkuwar bangaskiya, da kwalkwalin ceto, da takobin Ruhu wanda shi ne Maganar Allah. Mutumin Damagaram ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya ga ƴan sulke da ƴan lifidi a ƙofar fadar Sarki ranar hawan salla, ya san yadda kwalkwali yake zama a ka, ya kuma san garkuwar fata ba ado ba ce. Abin lura a wannan nassi shi ne yawancin kayan na kāriya ne, kuma umarnin da aka maimaita shi ne a tsaya daram, ba a kai hari ba.

Wurin da ya fi ba masana wuya shi ne Romawa 7, inda Bulus yake kukan cewa alherin da yake so bai aikata ba, muguntar da ba ya so ita yake yi. Shin yana maganar kansa ne kafin ya tuba, ko kuwa bayan ya zama manzo? Agustin, limamin Hippo a gabar Aljeriya ta yau, ya fara da ra'ayin farko, da ya manyanta ya koma na biyu. Amsar da mutum ya bayar a nan ita ce takan nuna ɓangarensa a duk sauran gardamar. Masu bin ra'ayi na biyu sukan ce nasarar tabbatacciya ce amma ba a gama cin moriyarta ba, kamar wanda alƙali ya yanke wa hukunci cewa gona tasa ce, takarda tana hannunsa, amma noman fari da maimai suna nan suna jiran sa kowace damina.

Yadda aka fahimce ta a tarihi

Kiristocin farko sun ɗauki shahidai a matsayin masu nasara na ainihi. Da tsanani ya lafa a daular Rum bayan shekarar 313, sai fagen ya koma cikin zuciya. Antoni na Masar, wanda ya rasu a 356, ya shiga hamada ya shafe shekaru yana fama da jarabobi, kuma a cikin masu zaman kaɗaici irinsa ne aka tsara munanan tunani takwas da suke kai mutum ƙasa, waɗanda daga baya aka mayar manyan zunubai bakwai. Ikilisiyar Katolika har yau tana kallon lamarin a matsayin doguwar kokawa da ake yi da taimakon alherin Allah, ta hanyar furta zunubi a gaban fada, wato limamin coci, da karɓar jibin Ubangiji, da azumin kwana 40 kafin Ista.

Martin Luta, wanda ya tayar da gyaran ikilisiya a Jamus a 1517, ya koyar da cewa mai bi barataccen mutum ne, wato wanda Allah ya karɓa a matsayin mai adalci, kuma mai zunubi a lokaci guda, saboda haka nasararsa tana cikin dogara ga abin da Almasihu ya yi, ba cikin abin da yake gani a halinsa ba. John Wesley, wanda ya kafa tafiyar Metodis a Ingila ya kuma rasu a 1791, ya ga wannan ya yi kaɗan. Shi ya ce ƙaunar Allah tana iya cika zuciya har mutum ya daina aikata zunubin ganganci tun yana raye, ko da yake bai taɓa cewa kuskure da rashin sani za su ƙare ba.

Salon maganar da aka fi ji yau ya fito ne daga taron wa'azi na Keswick, wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin Ingila da ake furta sunansa Kezik. An fara taron a 1875, kuma har yanzu ana yin sa kowace shekara. Masu wa'azinsa na farko sun bi tsakiya: zunubi ba ya mutuwa a cikin mai bi, amma Ruhu Mai Tsarki yana fin ƙarfinsa muddin mutum ya miƙa kansa ɗungum yana dogara. Misalin da ya fi kusa shi ne fitila a ɗaki, tana ci babu duhu, ta mutu duhu ya dawo nan take. Har makon taron an tsara shi a kan wannan tunani, ana farawa da munin zunubi, a wuce ga tanadin Allah, sai miƙa kai, sai cika da Ruhu, a rufe da hidima. Wannan rana ta ƙarshe ita ce ta tura ɗimbin matasa aikin mishan a Asiya da Afirka.

Ba kowa ne ya gamsu ba. J. C. Ryle, bishop ɗin Liverpool na farko, da B. B. Warfield na makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka sun soki koyarwar da cewa tana raba masu bi aji biyu, na nasara da na shan kāshi, tana kuma sa mutum ya zaci tsarki abu ne da ake samu a dare ɗaya. Sukar tana da ƙarfi, domin wanda aka ce masa ya daina ƙoƙari ya bar Allah ya yi, in ya sāke faɗuwa a tsohon halinsa, yakan ɗora laifin a kan ƙarancin miƙa kansa, ya shiga zargin kai marar iyaka. Su ma shugabannin taron daga baya sun sassauta harshensu. Daga 1906 kuma, bayan farkawar ruhaniya ta titin Azusa a birnin Los Anjeles, ƴan Fentikos, masu ba da ƙarfi ga baiwar Ruhu Mai Tsarki, suka faɗaɗa maganar ta haɗa da warkar da cuta da fitar da aljanu.

A Damagaram

Bisharar Furotesta, wato ɗarikun da suka samo asali daga gyaran ikilisiya na zamanin Luta, ta shigo Nijar ta Zinder, wato Damagaram. Mishan ɗin da ake kira SIM (Sudan Interior Mission a lokacin), wanda aka kafa a 1893, ya buɗe tasharsa ta farko a ƙasar a wannan gari a 1924, lokacin yana babban birnin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Rowland Bingham, jagoran mishan ɗin, shi ne kuma ya kafa taron Keswick na Kanada a wannan shekara ta 1924, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji kalmomin miƙa kai da cin nasara a kan zunubi sun zauna daram a bakin tsofaffin masu bi na ƙasar Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Aikin ya fi yin saiwa a Tsibiri kusa da Maraɗi da kuma Galmi, inda aka buɗe asibiti a 1950, amma a Zinder ikilisiya ta kasance ƙarama, kuma da yawa daga cikin masu sujada ma'aikata ne da ƴan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi ko daga Benin da Togo da Najeriya. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

A irin wannan wuri maganar nasara ba ta da ƙarar ganga. An fi jin ta a lokacin ba da shaida, a taron addu'a na tsakiyar mako ko a zumuntar mata. Wata za ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta ce, “Baba Fasto, iyayena, ƴan'uwa cikin Ubangiji, ku taya ni godiya,” sannan ta ba da labarin yadda ta yi wata uku ba ta gaisawa da matar ƙanen mijinta saboda rigimar jarkar ruwa, har ranar da ta kasa yin addu'a ta tashi ta je ta nemi gafara. Jama'a su amsa da amin. Wannan ita ake lissafawa nasara, haka ma magidancin da ya bar giya, da ɗalibin da ya ƙi satar jarrabawa.

Fage na biyu shi ne tsoro. A ƙasar da ake maganar sammu da maita da iskoki, sabon mai bi yakan zo da laya a damtse ko guru a ƙugu, kuma ranar da ya kwance su ya miƙa wa dattawan ikilisiya tana da nauyi a wurinsa kusan kamar ranar baftisma. Gwajin gaske yakan zo daga baya, sa'ad da yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, kaka ta ce a kai shi wurin boka. Fastoci sukan karanta Kolosiyawa 2:15, inda aka ce Almasihu ya tuɓe wa ikoki makamansu ya kunyata su a fili, su yi addu'a, su kuma ce a kai yaron asibiti, domin tun zamanin mishan ba a raba addu'a da magani ba.

Daga wajen shekarun 1990 sababbin majami'u masu salon Fentikos, da yawansu daga Najeriya, sun kawo azumi mai tsawo da addu'ar kwana da wa'azin karya la'anar gida. Wasunsu suna auna nasara da arziki da lafiya da buɗin kasuwa. Tsofaffin ikilisiyoyi suna ɗari-ɗari da wannan, kuma hujjarsu tana da wuyar turewa: Bulus da kansa ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Idan talauci alamar shan kāshi ne, to gwauruwar da ke tuyar ƙosai a bakin titi ba ta da wurin zama a majami'a. Su kuma masu sabon salon suna cewa tsofaffin sun mayar da bangaskiya ta zama haƙuri kawai, ba sa sa ran Allah ya yi wani abu yau.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma a Zinder. An ƙone majami'u da shaguna da cibiyar al'adun Faransa, washegari abin ya kai Yamai, kuma mutum goma ne suka rasu a biranen biyu. Kiristoci da yawa sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a gidajensu. Gwamnati ta yi Allah wadai, ta sa zaman makoki na kwana uku. Shugabannin ikilisiyoyi, na Katolika da na bishara, sun fito fili sun ce sun yafe, suka kuma hana mabiyansu ramuwa, bisa ga Romawa 12:21 da ta ce kada mugunta ta rinjayi mai bi, sai dai ya rinjayi mugunta da nagarta. A makonnin da suka biyo baya an ci gaba da sujada a cikin gidaje da harabar gine-ginen da suka ƙone, kafin a fara sāke gina su.