Elf na birni, elf na daji da drow: wanne zan ɗauka a teburin wasa?

A nan Yamai ƴan tsirarun matasa ne ke buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ƙwayar ludo mai fuska 20 ta raba gardama. Sabon shiga yakan ce elf yake so, sai a tambaye shi wane iri, daga nan a fara cacar baki har shayi ya huce. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Shi elf ɗin aljani ne?

A'a, ɗan'uwa. Ƙagaggen halitta ne na tatsuniyoyin arewacin Turai, a wasan kuma yana da jiki, yana cin abinci, takobi na kama shi. A dokokin 2014 kowane elf yana samun ƙarin maki 2 a zafin nama, yana gani cikin duhu har mita 18, sihiri ba ya sa shi barci. Ba ya ma barci irin namu: zaman awa 4 cikin natsuwa ya wadatar da shi, abin da ya sa ake yawan ɗora masa gadin dare. Yana iya kai shekara 750, kuma danginsa ba sa kallonsa a matsayin babba sai ya kusa 100.

To ina bambancin na birni da na daji?

Na birni, wanda littafin ke kira “high elf”, ɗan boko ne. Yana da ƙarin maki 1 a kaifin ƙwaƙwalwa, yare ɗaya na daban, da ƙaramin sihiri guda da zai riƙa yi ba iyaka. Na daji yana da ƙarin maki 1 a basira, kuma ya fi sauri: mita 10 da rabi a kowane zagaye, sauran suna mita 9. Dukansu sun iya takobi da baka.

Abin da ya fi burge ni ga na daji shi ne iya ɓuya a inda wani ba zai iya ba, cikin ganyaye, ruwan sama mai ƙarfi ko hazo. Dokar ta ƙara da “sauran abubuwan yanayi”, don haka in labarinku yana gudana a ƙasa irin tamu, ka tambayi mai jan labari tun kafin a fara ko ƙurar hunturu ta shiga ciki. A ganina ta shiga. Wanda ya taɓa tsayawa kan gadar Kennedy a watan Janairu ya kasa hango tsallaken kogi ya san irin rufin asirin da wannan ƙura ke yi wa mai laɓe.

Ana cewa drow, wato elf mai duhun fata, ya fi su ƙarfi. Gaskiya ne?

A takarda haka yake. Yana gani cikin duhu har mita 36, ninkin na sauran. Yana da ƙarin maki 1 a kwarjini, ga sihiri uku: ƴan fitilu masu yawo tun farko, hasken da ke tona maɓoyar abokan gaba in jarumin ya ƙware ya kai mataki na 3, da sauko da duhu a mataki na 5.

Amma akwai biyan bashi. Drow ƴan ƙarƙashin ƙasa ne, rana na kashe musu ido. In shi ko wanda zai sara yana tsaye a tsakar rana, ƙwaya biyu zai jefa ya ɗauki ƙaramar. Ka kwatanta: ka jefa, ɗaya ta nuna 18, ɗayar 4, mai jan labari ya ce 4 ce taka, ɗan fashi ya tsere da raƙumi. Masu jan labari a nan suna son ayari, rijiyoyin sahara da garuruwa masu kama da Agadas, wato rana tun safe har magariba. A irin wannan labari drow wahala zai sha. In kuwa kogo da ramuka za a shiga, ba mai kama ƙafarsa. Saboda haka kafin ka ƙirga maki, ka fara tambaya ina labarin zai kai ku.

Me ya sa baƙaƙen elf ne kawai aka mayar mugaye?

Tambayar da ta fi cancanta ke nan, kuma bai dace a share ta ba. Shekaru da dama littattafan wasan suna zana drow da duhun fata da farin gashi, masu bin allahiya Lolth mai siffar gizo-gizo, masu bautar da mutane, yayin da farare su ne na kirki. Mu da muke zaune a teburin nan da fatarmu ba sai an fassara mana ba. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi wasan a 1997, ya fito ya ce zai sake yadda yake nuna drow, su zama masu nagari da mugu kamar kowace al'umma. Gyaran ya makara, amma ya yi daidai. Ni dai shawarata ga masu jan labari ita ce su ba drow ɗinsu gari, kasuwa, iyaye da sana'a. In za a yi mugu, a yi shi da halinsa.

Akwai wasu bayan ukun nan?

Akwai, an ƙara su a 2018. Elf na teku yana numfashi cikin ruwa. Eladrin halinsa na sauyawa da yanayi huɗu na shekara irin na Turai, kuma yana ɓacewa ya ɓullo mita 9 gaba. Shadar-kai ma yana wannan ɓacewa, daga duniyar inuwa yake. Ban cika ba sabon shiga shawarar su ba, ya fara ƙwarewa da na asali.

Abokina ya ce rana ba ta damun drow ɗinsa. Maguɗi yake yi?

Wataƙila littafinku ne ya bambanta. Bugun 2024 ya cire wannan rauni gaba ɗaya. Ya kuma ɗauke ƙarin maki daga jinsi ya mayar kan tarihin jarumin, ko soja ne, ko malami, ko ɗan kasuwa. Yanzu kowane iri yana da sihirinsa uku: na birni yana gano sihiri a mataki na 3 ya kuma ɓace a na 5, na daji yana ƙara sauri a na 3, a na 5 ya taimaki dukan tawaga su wuce ba sawu. Tunda a nan yawanci littattafan a waya suke yawo, wani da na Faransanci wani da na Ingilishi, ku buɗe shafin farko ku duba shekarar bugu, ku tsaya kan guda kafin kowa ya cika takardar jaruminsa.