Tambayoyi da Amsoshi Kan Tufafi da Takalman Kamun Kifi a Kan Ƙanƙara

A ƙasashe irin su Kanada, Finlan, Rasha da arewacin Amurka, idan hunturu ya kankama tafkuna sukan daskare har mutum ya taka samansu da ƙafa, ya huda rami a cikin ƙanƙarar, ya zura fatsa, ya zauna jiran kifi. Tafkin Simcoe da ke arewa da birnin Toronto yana daga cikin wuraren da suka yi suna wajen irin wannan su. Wanda karatu ko aiki ya kai can, abokai kuma suka gayyace shi, zai tarar cewa jaurar da ya sani a Kano ko Damagaram ba ta koya masa komai ba game da abin da zai sa a jikinsa.

Me ya hana mutum ya sa rigar sanyi mafi kauri da yake da ita ya kama hanya?

Abin da ya hana shi ne yinin masunci a kan ƙanƙara ya kasu gida biyu da suka saɓa wa juna. Da farko zai yi tafiya yana jan kayansa, sannan ya huda rami, aikin da kan sa mutum zufa ko da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas. Bayan haka kuma sai ya zauna awa uku ko huɗu kusan ba motsi. Zufar da ya tara a kashin farko ita ce za ta addabe shi a kashi na biyu, domin ruwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da yadda iska take janyewa. Saboda haka ƙwararru sukan fara tafiya suna ɗan jin sanyi, da zik a buɗe da rigar sanyi mai kauri a ɗaure cikin kaya, sai sun zauna sannan su rufe jiki ruf.

To, yaya ake jera tufafin?

Hawa uku ake yi. Na cikin da ke taɓa fata aikinsa ya tsotse zufa ya fitar da ita, kuma da ulun tumakin merino ko zaren roba irin su foliyesta ake yin sa, riga da wando masu kama jiki. Na tsakiya shi ne mai riƙe ɗumi, wato suwaita ta ulu ko riga mai cike da gashin agwagwa, kuma gara siraran riguna biyu da a sa guda ɗaya mai kauri, domin iskar da ke maƙale tsakaninsu ita ce ainihin abin da ke tare sanyi, ga kuma damar cire ɗaya idan jiki ya yi zafi. Na waje shi ne mai tare iska da ruwa. Masunta sun fi son wando mai hawa har ƙirji da igiya a kafaɗa, saboda ba ya barin ƙugu a buɗe idan an sunkuya kan rami, kuma gwiwoyinsa suna da kauri don durƙuso. Gashin agwagwa ya fi komai ɗumi idan aka duba rashin nauyinsa, amma da zarar ya jiƙe ya tashi daga aiki.

Singileti da wandon jins fa?

A bar su a gida. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ba ta bushewa da wuri, wanda shi ne dalilin da ya sa take da daɗi a zafin bazara, shi ne kuma dalilin da ya sa take da haɗari a kan ƙanƙara. Singileti guda na auduga a ƙarƙashin kaya masu tsada ya isa ya ɓata tsarin gaba ɗaya.

Wane irin takalmi ya dace?

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma a ganina idan kuɗi ba su isa komai ba, takalmi ya kamata a fara saye. Ƙafa tana kan ƙanƙara yini guda, sanyi kuma ta ƙasa yake shigowa, don haka kaurin tafin takalmin ya fi adon samansa muhimmanci. Dole ne kuma ya hana ruwa shiga aƙalla har sama da idon sawu, domin idan an huda rami ruwa yakan malalo, wani lokaci kuma akwai narkakkiyar ƙanƙara ɓoye a ƙarƙashin dusar da ke sama.

Irin da aka fi yarda da shi a Kanada shi ne dogon takalmi mai ƙasan roba wanda ke da wata shimfiɗa mai kauri a ciki da ake iya zarowa, irin wanda kamfanoni kamar Sorel da Baffin suke yi. Amfanin zarowar shi ne a shanya ta da dare, tun da ƙafa tana zufa ko a cikin sanyi, kuma takalmin da ya kwana da laima ba zai yi ɗumi washegari ba. Mutanen Rasha suna da nasu na gargajiya da suke kira valenki, wanda ake yi da matsattsen ulu. Yana da ɗumi ƙwarai a busasshen sanyi, amma sai an ɗora masa takalmin roba a ƙasa idan wuri ya jiƙe.

Girman takalmi ma abin lura ne. A sayi wanda ya ɗara lambar ƙafa da ɗaya ko biyu, a gwada shi da safar da za a sa, a tabbatar yatsu suna motsi. Mutane da yawa sukan cusa safa uku ko huɗu cikin takalmin da ya yi musu daidai, suna zaton sun ƙara ɗumi, alhali sun matse jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne, jinin kuwa shi ne ke kawo ɗumin. Siririyar safa ɗaya ta zaren roba a ciki da kakkaura ɗaya ta ulu a kanta sun wadatar, sai a riƙe wasu busassu a jaka. Akwai kuma ƙusoshin ƙarfe da ake ɗaurawa a tafin takalmi saboda santsi, ba su da tsada, kuma sun fi karayar hannu sauƙi.

Idan an rubuta a jikin takalmi cewa yana jure digiri 40 ƙasa da sifili, a yarda?

A ɗauke shi a matsayin kwatance kawai. Galibi lissafin na mai tafiya ne, ba na wanda ya zauna a kan bokiti ba, don haka masunci ya zaɓi wanda lambarsa ta zarce sanyin da yake tsammani nesa ba kusa ba.

Hannu da kai da fuska fa?

Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi mai raba yatsu ɗumi, amma ba a iya ɗaura ƙugiya da ita, shi ya sa ake sa siririya a ciki, babba a waje, a kuma riƙe tawul don goge hannu bayan an taɓa kifi. Hula ta rufe kunnuwa, wuya da hanci kuma su sami abin rufewa, domin a tsakiyar tafki babu abin da ke tare iska. A lissafin hukumar yanayi ta Kanada, sanyin digiri 20 ƙasa da sifili da iska mai gudun kilomita 30 a awa yana kama fata kamar digiri 33 ƙasa da sifili, kuma a irin wannan hali fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Baƙin tabarau ma yana cikin kaya, saboda farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido.

Shin tufafi suna da wani amfani idan ƙanƙara ta fashe da mutum?

Suna da shi, in an zaɓa da wannan tunani. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota tana ba da shawarar kada a taka sabuwar ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, wato kimanin santimita 10, amma kauri ba ya zama ɗaya a duk faɗin tafki. Akwai riguna da wanduna da aka ɗinka da soso mai sa mutum ya taso saman ruwa, akwai kuma wasu tsinkaye biyu na ƙarfe masu mariƙi da ake ratayawa a wuya, waɗanda ake cakawa a ƙanƙara a jawo jiki waje. A saman riga ake rataye su, ba a cikin aljihu ba. Gordon Giesbrecht, masani a Jami'ar Manitoba, ya taƙaita lamarin da cewa wanda ya faɗa yana da kamar minti 1 na daidaita numfashi, minti 10 kafin hannuwa su daina yi masa aiki, da kusan awa 1 kafin sanyi ya sumar da shi. Rigar da ke riƙe kai a saman ruwa ita ce ke ba shi damar cin moriyar wannan awar, busassun kayan canji da aka ƙulle a leda kuma su ne zai nema da zarar ya fito.