Rago a gidan haya, kare a bakin ƙofa: me dokar Legas ta ce a kan kiwo?

Da zarar Babbar Sallah ta ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne ke zagaya majalisun Hausawan Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Malam, wai da gaske an hana kiwo a Legas?

Ba a hana ba. Kiwon sake ne doka ba ta yarda da shi ba. A watan Mayun 2021 gwamnonin kudu suka haɗu a Asaba suka tsayar da shawarar hana yawon kiwo, kuma a Satumban shekarar Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar jihar Legas da ta haramta kiwon shanu a fili da shigar da su filin wani.

Mai akuya biyu zai ce wannan maganar masu garke ce. Haka ne, amma tun kafin wannan doka jami'ai ke kama dabbar da aka gani tana gararamba a titi, kuma ba ta dawowa hannun mai ita sai ya biya tara. A Katsina ko Gumel akuya kan fita da hantsi ta dawo da magariba, kowa a unguwa ya san ta gidan wane ce, in ta yi ɓarna a ba da haƙuri. A nan akuyar da ta tsinke igiya ta faɗa titin Agege tana iya kayar da mai babur, kuma ba wanda zai tsaya tambayar ta gidan wane ce. Turke da igiya mai ƙwari su ne sharaɗin farko.

To wa ke da hurumi, ƙaramar hukuma ko jiha?

Dukansu, shi ya sa abin ke rikita mutane. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu, da kuma mayanka da kasuwanni, cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Legas kuwa tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, don haka abin da aka kau da kai a kansa a Ojo yana iya zama laifi a Eti-Osa. A ɓangaren jiha, likitocin dabbobi suna ƙarƙashin ma'aikatar noma da ke Alausa, hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ce ke karɓar ƙorafin wari da hayaniya, sai jami'an rundunar tsaftar muhalli ta jihar, LAGESC, waɗanda har yau mutane ke kira KAI. Duba-gari ma yana da ikon shiga gida ya duba.

Duk wanda ya zo da sunan hukuma, ka nemi ganin katinsa cikin ladabi, kuma kada ka biya tara ba rasit. Masu sojan gona sun san lokacin raguna.

Alhaji, a gidan haya nake. Zan iya ɗaure ragon layya a tsakar gida?

Kafin ka tambayi gwamnati, tambayi mai gidan. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta ba mai gida damar neman kotu ta fitar da ɗan hayan da ya saɓa yarjejeniya ko ya zame wa jama'a fitina. Idan takardar da ka sa wa hannu ta ce ba a ajiye dabba, magana ta ƙare. A rukunin gidaje masu ƙofa da masu gadi kuwa, ƙungiyar mazauna tana da nata ƙa'idojin, kuma sau da yawa sun fi na hukuma tsauri.

A aikace, ragon kwana uku ko mako guda ba kasafai yake jawo rigima ba. Maƙwabtanka Yarabawa Musulmi su ma suna ɗaure nasu na Ileya, wato Babbar Sallah, wataƙila ma mai gidan ya riga ka. Inda ake samun matsala shi ne turka ta wata da watanni a gida mai ɗakuna goma da famfo ɗaya. Ka ɗaure rago kusa da wurin wanke-wanke, fitsarinsa na gangarawa ƙofar ɗakin wata, ragowar dusa da harawa na toshe lambatu, ƙudaje sun taru, da asuba kuma ya ɗora kuka ƙarƙashin tagar wanda ya dawo daga aikin dare. Kai da ka tashi da warin garke ba ka jin komai. Su suna ji, kuma su ne za su kira duba-gari.

A ganina mafi yawan waɗannan rigingimu ba na ƙabilanci ba ne, ko da yake mukan yi saurin fassara su haka. Matsi ne. Wanda ya riga ya sanar da maƙwabta, yake share wurin safe da yamma, ya kuma aika musu da nama ranar Sallah, da wuya ya ga takardar sammaci. Idan kuma an kai ga saɓani, akwai cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'a, wadda ke sulhu tsakanin mai gida da ɗan haya kyauta, ga kuma fadar Sarkin Hausawa. Mai son turka ta riba gara ya nemi wuri a kara ko a bayan gari.

Yanka fa? Dole sai an je mayanka?

Naman sayarwa, e. A mayankar da gwamnati ta amince da ita ake yanka shi, irin ta Oko-Oba a Agege, inda likita ke duba dabba kafin yanka da bayansa. Mahaucin da ke yanka a bayan gida yana kai wa masu tsire da masu abinci ya taka doka, kuma in an kama naman ƙwacewa ake yi. Layya da ragon suna a gida ake yin su kamar ko'ina. Abin da ke jawo hukunci shi ne a zuba jini da kashin tumbi a lambatu, a garin da ruwan sa'a guda ke cika tituna. A haƙa rami a binne, ko a ƙulle a leda mai kauri a ba motar shara. Babbaka da tsohuwar taya kuma guba ce ga mai ci da mai shaƙar hayaƙin.

Masu kawo raguna daga arewa su ma su sani, kusan kowace shekara gwamnati na gargaɗin cewa ba a kasa dabbobi a gefen babban titi, tsakiyar hanya ko ƙarƙashin gada.

A 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks, mai kama dabbobi da mutane, a Najeriya, aka fara ganinta a Suleja, kuma an samu dabbobin da suka kamu a Legas. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, ba a taɓa ta da hannu. Likitan dabbobi ake kira.

Na ajiye kare don gadin shago. Me ake bukata?

Allurar haukan kare duk shekara, da katin shaidarta a ajiye. Gwamnatin jiha kan yi gangamin allurar kyauta lokaci-lokaci, kuma 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya. Kare ya zauna a cikin shinge, in za a fita da shi a sa masa sarƙa. Idan ya ciji wani, mai shi ne zai amsa, daga kuɗin magani har diyya.

Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi ƙarzuna ba. Kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Kaji da tattabaru?

'Yan kaɗan a keji ba su damun kowa. Ɗaruruwan kajin gona a tsakiyar gidajen kwana kuwa sana'a ce, tana bukatar izini da wurin da ya dace.

Idan mutum na sha'awar biri, aku ko wani naman daji fa?

Nan dokar tarayya ce ke aiki, ta kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka yi mata gyara a 2016. Akun nan mai toka-toka da jan wutsiya yana cikin tsuntsayen da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo su, haka ma dankunya, wanda kwastan suka sha kama ɓawonsa a tashar Apapa. Ganin ana sayar da dabba a kasuwa bai halatta ajiye ta ba, kuma wannan ya shafi masu yawon wasa da kura da gwaggon biri. A Nuwamban 2019 an gano zaki a wani gida a Victoria Island. Jami'ai suka yi masa allurar barci, suka ɗauke shi zuwa gidan namun daji da ke Bogije, a hanyar Lekki zuwa Epe.