Waiwaye: Gawayin Afunfun da rigimar shekarun mutanen farko

Tun 2021, da aka ce sawayen ƙafar mutane na White Sands a Amurka sun kai shekara 21,000 zuwa 23,000, gardama ba ta lafa ba. Ko nan Yamai, a fadarmu ta shayi, wani ɗalibin tarihi ya dube ni ya ce: "Malam, in su kansu ba su daidaita ba, mu wa za mu bi?" Wai shi a ganinsa jiya aka fara.

An daɗe ana yi. A 1949 masanin kimiyya Willard Libby ya fito da awon carbon-14, wani sinadari da ake aunawa don gano shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Ba a jima ba aka gane adadinsa a iska yana hawa yana sauka, aka koma gyara lissafi da zobban da ke cikin gangar itace. Wannan kowa ya karanta.

Abin da ake tsallakewa a gidanmu ya faru. A Afunfun, kudu da Agadas, an tono wasu ramuka masu ƙonannen yumɓu da gawayi a ciki. Awo ya ba gawayin kimanin shekara 4,000, sai aka ce ai ga murhun narka jan ƙarfe mafi daɗewa a yankin. A 1988 aka sake duba su, har da mai tonon farko cikin masu binciken. Da dama daga cikinsu ashe kututturan itatuwa ne da wuta ta ci, ƙasar gefensu ta gasu.

Wanda ya taɓa ratsa dajin arewa ya san wannan icce. Ya bushe ƙayau, fari fat, ba danshin da zai ruɓar da shi, yana nan ƙarni da ƙarni kafin wani ya ɗauka ya hura wuta. Injin awo bai yi ƙarya ba, lokacin da iccen ya mutu ya faɗa. Ranar da hannu ya taɓa shi kuwa, mu ne muka cika da zato, kuma a ganina ɗokin cewa "mu ne farko" ya taimaka. Shi ya sa har yau ba a gama jayayya kan shekarun tsohon ƙarfen da aka gano a Termit, gabashin Nijar, ba.

A White Sands ma haka: ƙwayoyin wata ciyawar ruwa da aka samu tare da sawayen aka auna, ita kuwa tana iya shan tsohon carbon daga ruwan tafki. Sai a 2023 aka ƙara da awon garin furen itatuwan tudu da na ƙwayoyin yashi, lissafin ya zo ɗaya. Masu ja dai ba su saki ba.