Buɗe Ƙofar Sadarwa a Rautar Gida

Buɗe ƙofar sadarwa saiti ne da ake yi wa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, domin saƙon da ya fito daga intanet ya isa ga wata takamaimiyar na'ura ta cikin gida, kamar kwamfuta, kyamarar tsaro ko na'urar wasa.

Ƙarancin adireshi ne ya haifar da buƙatarsa. Tsarin IPv4, mai bai wa na'urori adireshi a intanet, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, don haka gida kan samu adireshin waje guda ɗaya, rauta kuma ta raba wa na'urori adireshin ciki irin su 192.168.1.20, waɗanda ba a iya kai musu daga waje. Wannan dabarar ita ce NAT. Idan waya ta nemi shafi, rauta tana riƙe da bayanin mai nema, sai ta miƙa masa amsa. Saƙon da ya zo ba tare da an nema ba kuwa, ba ta san mai shi ba, sai ta watsar da shi.

Ƙofofin lambobi ne daga 0 zuwa 65535, masu nuna aikin da saƙo ya nufa. Shafukan intanet suna bin 80 da 443, SSH, hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa, na bin 22, sabar wasan Minecraft kuma 25565.

Ana shiga shafin saitin rauta ta burauza, galibi a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a cike lambar ƙofar waje, adireshin na'urar, ƙofar ciki, da nau'in sadarwa, TCP ko UDP. Kafin nan dole a kafe wa na'urar adireshi ɗaya, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: rauta na iya sauya mata adireshi bayan an kashe an kunna, saitin ya ci gaba da nuna inda babu kowa. Gwaji kuma daga waje ya kamata a yi shi, misali da datar waya bayan an kashe Wi-Fi.

Wani lokaci saiti ya yi daidai amma abin ya ƙi. Idan adireshin wajen rauta ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kamfanin intanet ya haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, wato CGNAT, kuma babu saitin gida da zai warware wannan sai an nemi adireshi na kai daga kamfanin.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Akwai manhajojin da ke kewaya intanet dare da rana suna lalube buɗaɗɗun ƙofofi. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta ƙofar Telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa mai lamba 23, saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba. Ƙofar 3389, ta sarrafa kwamfutar Windows daga nesa, bai dace a bar ta a fili ba. Ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga daga waje, ya kamata a bi. Haka UPnP, mai barin manhajoji su buɗe wa kansu ƙofa ba tare da tambaya ba, gara a kashe shi in ba a buƙatarsa.