Sana'ar Waƙar Opera: Yadda Ake Shiga da Yadda Ake Ɗorewa

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kusan kowace magana a cikinsa, makaɗa masu yawa suna rakiya. A Italiya aka fara shi wajen shekarar 1600, daga nan ya bazu Turai da Amurka da sauran duniya. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan masu cin abinci da wannan sana'a.

Da gaske ne ba sa amfani da makirufo?

Gaskiya ne, kuma nan ne tushen sana'ar. Zauren gidan opera na Metropolitan da ke birnin New York yana ɗaukar mutum kusan 3,800. A ramin da ke gaban dandamali akwai makaɗa 60 zuwa 100, amma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji muryar mutum ɗaya sarai. Ba da ihu ake yin haka ba. Mawaƙi yana koyon sauke maƙogwaronsa ƙasa, ya buɗe can cikin bakinsa, har muryar ta sami wani amo mai kaifi da ke kaɗawa wajen sau 3,000 a daƙiƙa. A wannan matakin ƙarar kayan kiɗa ba ta da ƙarfi sosai, sai muryar ta ratsa ta wuce. Johan Sundberg, masanin sauti ɗan ƙasar Suwidin, ya yi bayanin wannan a bincikensa na shekarun 1970. Numfashi ne ke ɗauke da komai: ana cika huhu har haƙarƙari su buɗe ta gefe da baya, sannan a riƙa sakin iskar kaɗan-kaɗan. Wanda ya matse wuya don ya ƙara sauti, muryarsa ba ta kai wa nesa, kuma ba ta daɗewa.

Shekara nawa ake yi ana koyo?

Yawanci shekara huɗu a makarantar kiɗa, sai biyu na digiri na biyu, sai kuma ɗaya zuwa uku a shirin horar da matasa na wani gidan opera, irin su Lindemann na Metropolitan ko Jette Parker na Royal Opera House a Landan. Ban da murya, ana koyon karanta rubutun kiɗa, da wasan kwaikwayo, da furucin Italiyanci da Jamusanci da Faransanci, wasu har Rashanci. Gasa ma ƙofa ce. Shahararren mawaƙin opera Plácido Domingo ya kafa gasar Operalia a 1993, kuma Pretty Yende ta Afirka ta Kudu ta lashe ta a 2011, daga baya ta yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Uku na Birtaniya a 2023. Akwai kuma gasar birnin Kadif na Birtaniya da BBC ta fara shiryawa a 1983.

Mawaƙi ne ke zaɓen irin rol ɗin (wato matsayi a cikin wasa) da zai taka?

Muryarsa ce ke zaɓa masa. Muryoyin mata daga sama zuwa ƙasa su ne sofarano, mezo da kontiralto. Na maza tena, bariton da bas. Kowane aji kuma an sake raba shi bisa nauyi: akwai sirriyar murya mai saurin gudu, akwai mai zaƙi matsakaiciya, akwai mai kauri da ke iya tsayawa gaban makaɗa ɗari. Gidajen opera na Jamus sun ɗauki wannan rabo da muhimmanci har sukan rubuta ajin mawaƙi a kwantiraginsa.

A nan ne matasa da yawa ke faɗawa rami. Murya mai kauri ba ta nuna da wuri. Masu rera ayyukan Wagner, Bajamushen marubucin opera, galibi sai sun haura shekara 35 ko sun kai 40. To sai ga yarinya 'yar shekara 27 mai kyan murya an yi mata tayin rol mai nauyi da kuɗi mai tsoka. Ta karɓa, ta tura muryar da ƙarfin tsiya don ta cika zaure. Shekarar farko kowa na tafi. Bayan 'yan shekaru sai muryar ta fara rawa irin wadda ba a so, sautukan sama su fara ƙin fita, rera waƙa a hankali ya gagara. A ganinmu, babu ƙwarewar da ta fi amfani ga matashin mawaƙi kamar iya cewa "ba yanzu ba" ga tayin da ya fi ƙarfin muryarsa, ko da kuwa aljihunsa a bushe yake.

Ta yaya ake samun aiki?

Ta gwaji. Mawaƙi yakan tanadi waƙoƙi biyar a harsuna daban-daban. Shi zai zaɓi ta farko, masu sauraro su zaɓi ta biyu, kuma sau da yawa ba a kai minti goma ba an ce masa an gode. Kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa. Idan ya sami wakili, shi ke nemo gwaje-gwajen da yin ciniki, ya cire kamashonsa, yawanci kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari.

Albashi ake ba su ko kuwa?

Hanya biyu ce. Jamus tana da gidajen opera kusan 80, mafi yawa gwamnati ke tallafa musu, kuma suna ɗaukar mawaƙa a matsayin ma'aikata: albashi duk wata, inshorar lafiya, hutu. Sai dai duk rol ɗin da aka ba ka cikin ajinka dole ka rera, wani lokaci wasanni uku daban-daban a mako ɗaya. Haka tsarin yake a Ostiriya da Suwizalan, shi ya sa matasa daga ko'ina ke tururuwa can.

Hanya ta biyu ita ce zaman kai. Ana biyan mawaƙi ne kan kowane daren da ya hau dandamali. A gidaje da yawa makonnin bita ba su da wani kuɗi na kirki, kuma idan mura ta kama shi ya fasa wasa, kuɗin wannan daren ya tafi. Daga abin da ya samu za a cire kamasho, da harajin ƙasar da ya yi aikin, da hayar ɗaki na wata biyu, da kuɗin malami. Lokacin da korona ta rufe Metropolitan daga Maris 2020 zuwa Satumba 2021, masu zaman kansu ne suka fi shan wuya, domin an soke wasanninsu. Manyan taurari ana kama ranakunsu shekara uku zuwa biyar kafin lokaci, amma su 'yan tsiraru ne. Mafi yawa suna haɗawa da koyarwa, ko su shiga rukunin 'yan amshi na gidan opera, wanda aiki ne mai mutunci da albashi tsayayye.

Yaya ake shirya sabon rol?

Watanni kafin ranar fara bita mawaƙi ke somawa, shi kaɗai. Da farko ya fassara rubutun kalma bayan kalma, nasa da na abokan wasansa, don ya san abin da ake ce masa. Sai ya riƙa furta kalmomin bisa ƙidayar kiɗan ba tare da rerawa ba. Sai ya ɗora sauti. Daga nan ya je wurin mai fiyano da ya ƙware a horar da mawaƙa, ya gyara masa furuci da salo, sannan malamin murya ya duba wuraren da ke matse shi. Ranar farko ta bita ana sa ran ya zo da haddarsa cif; wanda ya zo yana lalube, da wuya a sake kiransa.

Sabon shiri yakan ci mako huɗu zuwa shida. Ana farawa da fiyano a ɗakin bita, daraktan wasa yana tsara inda za a tsaya da inda za a faɗi. Sannan a yi zama na musamman da makaɗa, ba motsi ba kayan wasa, jagoran kiɗa ya daidaita sauri da ƙarfi. Sai bitar ƙarshe da tufafi da fitilu. A ranakun bita ƙwararru ba sa sakin murya duka: sukan rera da rabin murya ko su sauke sautukan sama, don kada su ƙone kafin daren buɗewa. Idan tsohon shiri ne aka maimaita, wani lokaci kwana biyu ko uku kawai ake ba baƙon mawaƙi. Manyan gidaje sukan ajiye wani da ya haddace rol ɗin yana jiran ko-ta-kwana.

Me ke lalata murya?

Tantanin murya guda biyu ne a maƙogwaro, tsawonsu bai wuce santimita biyu da rabi ba. Lokacin da sofarano ta kai wancan sauti na sama da ake wa tafi, suna haɗuwa suna rabuwa fiye da sau 1,000 a daƙiƙa. Rera waƙa da kumburarren maƙogwaro na iya fasa jijiyar jini a jikinsu, shi ya sa likitoci ke gargaɗi kan asfirin gab da wasa, domin tana tsinka jini. Yawan tilasta murya yana haifar da ƙulli a gefen tantanin, sai su kasa rufewa, iska ta riƙa zurarewa. Ƙwannafi babban maƙiyi ne: mawaƙi ya tashi wasa ƙarfe 11 na dare da yunwa, ya ci ya kwanta, ruwan ciki mai tsami ya hau ya ƙona maƙogwaro. Busasshiyar iskar jirgin sama, da hira da ƙarfi cikin hayaniya, su ma suna cinye murya. Dishewar da ta wuce mako biyu, likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne zai leƙa da 'yar kyamara, ba a jira.

Shi ya sa ake barin kwana biyu ko uku tsakanin wasa da wasa a manyan rol, kuma mawaƙa da yawa ba sa doguwar magana ranar wasa. Sukan ci abinci sa'o'i uku ko huɗu kafin lokaci, su ɗumama murya na minti 20 zuwa 30.

Yaushe ake ajiye sana'ar?

Ya danganta da murya. Masu siririyar murya ta sama sukan fara ja da baya da sun haura 50, ko su koma rol ɗin uwaye da dattijai. Masu bas da bariton sukan kai 60, wasu har 70. Bayan nan da yawa suna komawa koyarwa a makarantun kiɗa, wasu su zama alƙalan gasa ko masu zaɓen mawaƙa a gidajen opera.